Shin firinsifal yana da ta cewa, ko aikinsa karɓar sakula ne kawai?

Tambayar ta fito ne daga wata malama da aka ba shugabancin wata sakandaren jeka-ka-dawo ta 'yan mata a ƙasar Argungu watanni kaɗan da suka wuce. Ga taƙaitaccen abin da ta ce: "Baba, na daɗe ina mataimakiya, ina ganin ranar da na hau kujerar zan gyara abubuwa da yawa. Da na hau sai na tarar komai daga sama yake saukowa. An ɗauke mani malamin lissafi ba a tambaye ni ba, an turo mani ɗalibai sun fi ƙarfin ajujuwana, an kira mu taro aka karanta mana abin da aka riga aka yanke. A doka da tsari, ina ne shugaban makaranta yake da ta cewa? Ko dai in haƙura in yi shiru?"

Malama, Allah ya taya ki riƙo, ya sa ki sauka lafiya. Na yi shekara 35 a aikin nan kafin in ajiye. Kaso mai tsoka na yi shi a kan irin kujerar da kike kai, ƙarshen kuma na yi shi a ofishin shiyya ina zagayen duba makarantu. Wato na zauna a inda ake karɓar takarda, na kuma zauna a inda ake aika ta. Don haka ba zan yi miki daɗin baki ba.

Idan doka kike tambaya, rabonki kaɗan ne. Ba ke kika ɗauki malami aiki ba, ba ke kike biyan shi albashi ba, ba ke kike ƙara masa girma ba, ba ki kuma da ikon sallamar shi. Manhaja daga hukumar NERDC take fitowa. Jarrabawar kammalawa ta WAEC ce da NECO, sai NBAIS ga masu Arabiyya da NABTEB ga masu koyon sana'a, kowace da jadawalinta da ba ya jiran kowa. Manyan manufofi kuma Majalisar Ilimi ta Ƙasa ce ke yanke su, inda minista ke shugabanta, kwamishinonin ilimi na jihohi ke zaune a matsayin mambobi. Tsarin mulkin 1999 ya sa ilimi cikin abubuwan da tarayya da jiha kowa ke da hannu a ciki, shi ya sa umarni ke zuwa miki ta ƙofa biyu, wani lokaci har uku. A nan gida Kebbi akwai ma'aikata, akwai hukumar kula da makarantun sakandare, akwai SUBEB mai kula da ilimi a matakin farko da ofisoshin sakatarorin ilimi a ƙananan hukumomi 21. A duk wannan jeri babu kujerar da aka ajiye da sunan shugaban makaranta.

Ki dubi maganar gini. Shirin UBE da Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999, wanda dokarsa ta fito a 2004, ya ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin shekara tara na farko. Jiha ba ta karɓar kasonta na ayyuka sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta, ta kuma gabatar da jerin ayyukan da za ta yi. A ofis ake rubuta wannan jerin. Shi ya sa za ki wayi gari ki ga tifa ta zube yashi a filin wasan yara, ki tambayi direba me za a gina, ya ce shi ma yashi kawai aka ce ya kawo. Mai yiwuwa ajujuwa biyu ne, alhali ke bayan gida da rijiyar burtsatse ne suka hana ki barci. Haka maganar harshen koyarwa: a ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da yaran firamare da harshen uwa, a watan Nuwamba na 2025 kuma aka soke. Hedimastocin da aikin zai faɗo a kansu, galibinsu a rediyo ko a waya suka tsinci labari na farko, a nan suka tsinci na biyu.

Wannan ita ce dokar. Amma da a ce doka kaɗai ke tafiyar da makaranta, da duk makarantun gwamnati kamarsu ɗaya, kuma kin san ba haka ba ne. Za ki ga makarantu biyu a ƙaramar hukuma ɗaya, ƙarƙashin darakta ɗaya, ɗaya ana jin maganar shugabanta a hedikwata, ɗaya kuwa sai an duba fayil kafin a tuna sunansa. Wani lokaci uban gida ne a siyasa, ba na musun wannan. Amma sau da yawa abin da na gani shi ne, na farkon ya san lokacin da ake dafa shawara, yana kai nasa kayan miyan tun tukunya na kan wuta, na biyun kuwa sai an kwashe tuwo yake zuwa da ƙorafi.

Taron da aka kira ku ba taron shawara ba ne, taron sanarwa ne, kuma yana da kyau ki riƙa bambance su tun daga takardar gayyata. Idan aka ce ku zo gobe ƙarfe goma ba a faɗi abin da za a tattauna ba, ki tafi da biro da littafi ki rubuto umarni, kada ki ɓata numfashinki wajen jayayya a gaban jama'a. Babu babban sakataren da zai janye abin da kwamishina ya sa wa hannu don wata firinsifal ta miƙe a zaure ta ce bai dace ba. Abin da za ki samu kawai shi ne a san fuskarki a matsayin mai tsaurin ido. An gama shawarar makonni kafin ranar, a wani ƙaramin ofis, a hannun mutum biyu ko uku da ke duba takardun da ke gabansu. Tambayar da ta kamata ki yi wa kanki ita ce, a cikin takardun nan akwai taki?

Bari in faɗi abin da ba mu cika son faɗa ba mu tsofaffin shugabanni. Rashin tuntuɓarmu ba duka raini ba ne. Mafi yawan daraktocin nan su ma tsofaffin firinsifal ne, sun san mu ciki da bai. Sun san a cikinmu akwai mai ƙara yawan ɗalibai a takarda idan makarantar kwana ce saboda kuɗin ciyarwa. Akwai mai ɓoye malamin da ya shekara bai taka aji ba saboda surukinsa ne. Akwai mai kukan ba shi da malamai alhali a ɗakin malamai mutum huɗu ke rabon darasi ɗaya. Lokacin da nake zagaye, na sha shiga makaranta da rajista a hannu in ƙirga kawunan yara da kaina, abin da na samu da abin da aka aiko mana su yi hannun riga. Wanda aka yi wa haka sau uku, ranar da mai gaskiya ya zo da nasa lissafin, da ido ɗaya zai dube shi. Mu muka rage wa maganarmu nauyi, kuma kowane sabon shugaba sai ya sake gina amincin nan da kansa.

Yanzu ga maganar malamin lissafinki, don nan ne ya fi ciwo, nan ne kuma shugabanni suka fi yin kuskure. Canjin wurin aiki haƙƙin hukuma ne. Kada ki ƙi sakin malamin da takardarsa ta fito, kada kuma ki ɓoye takardar a aljihun tebur kina jiran a manta. Na ga wanda ya yi haka, aka bar maganar malamin aka koma maganar rashin biyayyarsa, ya rasa malamin ya kuma rasa kujerar. Amma ki san yadda ake haɗa jerin nan. Mai haɗawa sunaye da lambobin fayil ke gabansa, da roƙe-roƙen da suka taru: wannan mijinta an mai da shi Birnin Kebbi, wancan yana jinyar mahaifiya, wancan kuma wani babba ya yi waya a kansa. Abin da ba ya gabansa shi ne cewa mutumin nan shi kaɗai ne ke ɗaukar lissafi daga aji ɗaya zuwa aji uku na babbar sakandare a makarantarki. Ba a gaya masa ba, kuma ba zai taso daga ofis ya zo ya gani ba.

Na koyi wannan da wuya. A shekarata ta biyu a wata makaranta da ke bakin kogi, aka ɗauke mani malamin Ingilishi ana saura 'yan watanni jarrabawa, aka maye mani shi da malamin Hausa, alhali ina da biyu. Na hau babur na tafi a fusace, na yi ta faɗa, aka ba ni haƙuri da ruwan sanyi, na dawo hannu rabbana. Wani dattijon akawu ne ya bi ni har bakin ƙofa ya ce, "Malam, kai magana ka kawo, mu kuwa takarda muke sakawa a fayil." Tun daga ranar, kowane farkon zango nake aika shafi ɗaya tak: darussa a jere, yawan ajujuwan da ke ɗaukar kowane darasi, yawan darasin da ake buƙata a mako, sunan malamin da ke kai da abin da ya karanta, sannan in ja layi ƙarƙashin duk darasin da malami ɗaya ne ke riƙe da shi ko babu kowa. A ƙasa in rubuta waɗanda zan iya saki ba tare da makaranta ta girgiza ba. Wannan layin na ƙarshe shi ne sirrin. Shugaban da ya ce ga wanda za ku iya ɗauka, an fi yarda da shi idan ya ce wannan kam ku bar mani shi. Kwafi ɗaya ga ofishin shiyya, ɗaya ga hedikwata, ɗaya a fayil ɗina da hatimin wanda ya karɓa da kwanan wata. Ban ce daga nan ba a sake ɗauke mani malami ba. An ɗauke. Amma an fara kirana kafin a ɗauke, kuma sau biyu an turo madadin kafin wancan ya tafi.

Haka batun ƙidayar makarantu ta shekara-shekara. Fom ɗin nan mai shafuka da yawa da shugabanni ke miƙa wa ƙaramin malami ya cike a tsaye, shi ne ke shiga kwamfutar sashen tsare-tsare, daga nan ake ciro alƙaluman da ake rubuta kasafi da su, da su kuma masu ba da tallafi ke zaɓen makarantun da za su shiga. Idan fom ɗinki ya ce kina da ajujuwa goma sha biyu masu kyau, don mai cikewa ya ƙirga har da huɗun da iska ta yaye wa rufi, to a idon mai tsarawa ke ba ki da matsala. Ki zauna a kansa da kanki, ki zagaya da ƙafarki ki ƙirga kujeru da ramukan bayan gida masu aiki. Kuma ki lura da lokaci. Gwamna kan kai kasafi gaban majalisa ne a ƙarshen shekara, amma ma'aikatu sun haɗa nasu buƙatun watanni kafin nan. Takardar neman gyaran rufi da ta isa a watan Disamba ihu ne bayan hari. Ki aika tun damina na tsaka, lokacin da ɗakin ke yoyo kuma hoton da za ki haɗa da ita zai yi magana da kansa.

Ƙofar da aka buɗe miki da gaske, wadda shugabanni da yawa suke rufewa da hannunsu, ita ce kwamitin SBMC, wato kwamitin jama'ar gari mai sa ido kan tafiyar da makaranta. Kusan shekara ashirin ke nan da Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince kowace makaranta ta kafa shi: wakilin sarauta, malaman addini, iyaye maza da mata, tsofaffin ɗalibai, wakilan malamai da na ɗalibai, da shugaban makaranta. A wurare da yawa suna ne kawai a takarda, har kuɗi suka fara biyowa ta hanyarsa. Shirin AGILE na karatun 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 da dala miliyan 500, Kebbi na cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga, Zamfara ta biyo baya da aka faɗaɗa shi a 2023. A tsarinsa ana tura kuɗin gyara kai tsaye ga makaranta ta hannun kwamitin, bisa tsarin inganta makaranta da su da kansu suka rubuta. A iya sanina wannan ne wuri mafi fili da aka ce wa makaranta, ke faɗi abin da kike so a fara yi. To me wasu suka yi? Suka zaɓo mutanen da ba za su yi musu gardama ba, suka rubuta tsarin su kaɗai da daddare, da safe aka bi mambobi gida-gida suna dangwala hannu. Mutum na kukan ba a shawartarsa daga sama, shi kuma ga yadda yake yi da na ƙasa.

Amfanin kwamiti na gaskiya ya wuce kuɗin gyara. Ke ma'aikaciyar gwamnati ce, akwai iyakar abin da za ki iya faɗa da inda za ki iya zuwa. Ba za ki tsallake darakta ki tafi wurin kwamishina ba, ba za ki shiga rediyo ki yi kuka ba. Uban ƙasa kuwa ba ya ƙarƙashin dokar aikin gwamnati irin taki, haka shugabar mata, haka limamin Juma'a. Idan suka ɗauki takardar da kwamiti ya sa wa hannu suka tafi da kansu, ko suka tare ɗan majalisarsu ranar da ya zo gaisuwa, ana saurarensu ta yadda ba za a saurare ki ba. Sharaɗin kawai su san gaskiyar halin da ake ciki, wato ki buɗe musu littafin kuɗi da rajista, abin da shugabanni ke gudu ke nan. Sai dai ki yi hattara da abu ɗaya: kada ofishin da ke samanki ya fara jin maganar daga bakinsu. Ki rubuta masa tukuna, ki kuma sanar da shi cewa kwamiti na da niyyar bin sawu. Wanda aka kunyata a gaban manyansa ba ya mantawa.

Sai ƙungiyarku ta shugabannin makarantun sakandare, wato ANCOPSS. Ki riƙa zuwa taronta, ko da rabin lokacin kan tafi a maganar gudummawar biki da ta'aziyya. Mutane da yawa ba su san cewa ƙungiyar na da wakilai a kwamitin jarrabawa na WAEC a Nijeriya ba, kwamitin da ke yanke hukunci kan satar amsa, wanda zai iya soke sakamako ko ya janye amincewa da makaranta a matsayin cibiyar jarrabawa. Wato a can ƙoli akwai kujerar shugabannin makarantu, amma ta ƙungiya ce, ba ta mutum ɗaya ba. Haka abin yake a jiha. Firinsifal ɗaya ya ce an turo masa yara fiye da kima, ƙorafi ne. Shugabannin shiyya guda su kawo shafi ɗaya da ke nuna kujerun kowace makaranta da yawan yaran da aka tura mata, wannan ya zama batun da sai an zauna a kansa. Kuma a Kebbi ba ku da uzurin cewa na sama bai san aikin ba, tunda Gwamna Nasir Idris malami ne da ya shugabanci ƙungiyar malamai ta NUT ta ƙasa kafin ya hau mulki a 2023. Ko hakan ya sauya yadda ake shawara da shugabannin makarantu, ku da ke ciki ku za ku faɗa. Ni dai na san cewa kunnen da ya san yaren aji ma sai an kai masa magana a tsare.

Akwai wuri ɗaya da nake ganin tsarinmu ya yi kuskure babba, kuma ba na sassautawa a kansa, shi ne tsaro. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a Zamfara. Ranar 17 ga Yunin shekarar aka shiga kwalejin tarayya ta Birnin Yauri da rana tsaka. A watan Nuwamba na 2025 aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga a Danko-Wasagu, aka tafi da ɗalibai 25, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, Allah ya jiƙansa. Duk lokacin da irin wannan ta faru, umarnin rufe makarantu daga gidan gwamnati yake fitowa, kuma daidai ne, don babu wanda zai so kowane shugaba ya riƙa rufe makaranta yadda ya ga dama. Amma kafin abu ya faru fa? Wa ke fara jin cewa an ga baƙin babura a bayan gari, ko mutanen wani ƙauye sun fara kwana a daji, ko masu kawo itace sun daina zuwa? Mai gadi ne, da mai dafa abinci, da iyayen yara, kuma wurin shugaban makaranta suke kawowa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk da haka shugaba na tsoron sallamar yara na kwana biyu don kada a ce ya tayar da hankalin jama'a ko ya rufe makaranta ba izini. A ra'ayina ya kamata a rubuta a fili cewa shugaba, da shawarar uban ƙasa da jami'in tsaron yankin, yana da ikon sallamar ɗalibai na ɗan lokaci nan take, ya kai rahoto daga baya, kuma ba za a hukunta shi ba idan abin bai auku ba. Wannan ita ce buƙatar da zan so ƙungiyarku ta sa a gaba kafin kowace.

Kafin a kai can, ga abin da ke hannunki. Duk labarin da ya zo miki, ki rubuta shi a littafin tarihin makaranta da rana da lokaci, ki kira DPO da uban ƙasa da ofishin shiyya, sannan ki bi kiran da rubutaccen saƙo ko da ta waya ne, don ya zama akwai shaida. Ki nemi kwafin manufar ƙasa kan tsaron makarantu ta 2021 ki karanta tare da kwamitinki. Idan kuma ranar ta zo da zuciyarki ta tabbatar miki akwai haɗari, ba a kuma ɗaga wayarki ba, ki sallami yaran mutane. Takardar tuhuma ana amsa ta.

Na bar abin da ya fi sauƙi zuwa yanzu da gangan, don shugabanni sun fi raina shi. Akwai shawarwari da yawa da tun asali naki ne, ba mai hana ki, amma sabo da jiran umarni ya sa ake tura su sama ko a bar su yadda aka gada. Jadawalin darussa naki ne. Wane malami zai ɗauki wane aji, naki ne. Shiga aji ki zauna a baya ki ga yadda ake koyarwa, duba littafin shirin darasi, tsara darasin ƙari ga 'yan ajin ƙarshe, yadda za a yi da 'yan bautar ƙasa da ɗaliban koyon koyarwa da ke zuwa daga kwalejin Adamu Augie, duk naki ne. A makarantar bakin kogin nan da na ambata, na lura duk lokacin da shinkafar rani ta fara nuna, darasi biyu na farko aji rabi ne. Na yi bulala, na yi barazanar kora, a banza. Wani dattijo a kwamiti ya ce mani, "Malam, ɗiyan ga ba ƙin boko sunka yi ba. Jan-baki ka sauka da sassafe, in ba a kore su ba babu abincin shekara." Ba ni da ikon sauya lokacin buɗe makaranta, amma ina da ikon mai da lissafi da Ingilishi zuwa bayan tara na 'yan makonnin nan, in sa darussan da za a iya ramawa a farko. Ban nemi izinin kowa ba, na dai rubuta a littafi na kuma gaya wa mai duba makarantu da ya zo. Ke ma ki duba rajistarki, ina kyautata zaton za ki ga ranar kasuwar garin ta fita daban saboda talla, kuma ba sai Abuja ta ce miki ga abin yi ba.

A wannan wurin ne kuma za a gwada ki da abin da kike ƙorafi a kai. Idan taron malamanki ya zama ke ce ke karanto abin da kika yanke su ce to, kin zama ƙaramar hedikwata. Ki ba shugabannin sassa rabon darussa su kawo miki, ki gyara inda ya kamata ki faɗi dalili. Malamin da aka tambaya kafin a ba shi aji uku, ko bai so ba, ba ya yi miki zagon ƙasa kamar wanda ya gani a allon sanarwa. Akwai kuma riba ta biyu: ranar da za ki rubuta wa na sama, za ki ce "taron malamai na ranar kaza ya duba ya ga", ki haɗa da kwafin bayanin taron, wanda ya fi "ina ganin" nauyi nesa ba kusa ba.

Game da zangon nan da kike ciki, malamin lissafi ya riga ya tafi, kada ki ɓata ƙarfi wajen dawo da shi. Ki rubuta neman madadi a makon nan, da shafin nan na darussa a manne, ki nuna yawan 'yan ajin ƙarshe da za su zauna WAEC da NECO ba malami. Ki duba cikin malaman kimiyyarki wanda zai iya riƙe aji uku na wucin gadi, ki rage masa wani nauyin, ki kuma aika takardar neman ɗan bautar ƙasa mai lissafi kafin rukuni na gaba ya fito daga sansani, don ana raba su ne tun suna ciki. Yaran da aka turo kuwa kada ki mayar da ko ɗaya gida, yarinyar da aka mayar daga bakin ƙofa ba lallai ta sake dawowa ba. Ki karɓe su, ki ƙirga su aji-aji tare da shugaban kwamiti, ku ɗauki hoton yadda suke zaune, ku sa hannu ku biyu. A ƙarshen takardar ki rubuta adadin da makarantar za ta iya ɗauka a shekara mai zuwa idan ba a ƙara aji ba, ki tabbatar ta isa ofishin shiyya kafin a fara rabon waɗanda suka gama ƙaramar sakandare.